Siracen Zamani Da Ya Kwantar Da Yaya Sabi'u

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ke ba da lafiya kuma Shi ke da ikon karɓarta. Sunana Hadiza, amma a nan Makka Dije ake ce mini. Ina aikin wanki da guga a wani otal na alhazai a Jarwal. Matan unguwarmu sun ishe ni da tambayar abin da ya sami yayana, kowacce kuma in ta ji sai ta tafi ta ƙara nata gishirin, har na ji wata tana rantsuwa wai jifa aka yi masa daga gida. Ba jifa ba ne. Na gaji da maimaitawa, bakina ma ya daina jin nauyin maganar, shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya, mai rabon amfana ya amfana.

Yaya Sabi'u ya riga ni zuwa ƙasar nan, shi ya yi mini hanya. Mai sa tayil ne a wani kamfanin gini, yana zaune a Ka'akiyya ɗaki ɗaya da wasu 'yan Najeriya. Matarsa Anti Rabi da yaransa suna Kano tare da Innarmu. Mutum ne mai jiki, mai son shayi da gardama, kuma duk maganin da bai fito daga asibiti ba ya yarda da shi tun kafin a gama faɗa masa sunansa. Yana da hawan jini. Akwai wata ƙwaya da yake sha mai sa shi yawan fitsari, ita kaɗai ce maganin likita da ya riƙe, ita ma don Anti Rabi ba ta ajiye waya sai ya ce ya sha.

Bayan ƙaramar salla mura ta kama shi, da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Yana cikin azumin Sitta Shawwal, bai ajiye ba, bai kuma fasa fita aiki ba. Na ce masa ya je asibiti tunda kamfaninsu ya yi musu ta'amin, wato inshorar lafiya. Ya yi mini dariya ta waya.

"Dije, wannan zazzaɓin sirace yake so. Da a gida ne, Inna ta dafa mini darbejiya da ganyen gwaiba, in shiga bargo, gobe ki gan ni garau."

Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san sirace. A tafasa ganye, a ajiye tukunya a gabanka, a rufe ku da bargo kai da ita. Mai riƙe bargon ba ya jin tausayi. Kana ihu yana cewa daure, yanzu ciwon ya fara fita. In ka fito a lulluɓe ka sosai kada iska ta buge ka, ruwan sanyi kuwa ko kallonsa ba za ka yi ba. Haka aka yi mana muna yara, muka kuma tashi, don haka babu wanda ya taɓa tambayar dalili.

Yaya yana da aboki, Mamman, mutumin Maraɗi, mai shara da goge-goge a wani nadi, wurin motsa jiki na maza. A can akwai wani ɗan ɗaki na katako mai benci, da murhun lantarki da duwatsu a kansa, Larabawa suna ce masa sawna. Mamman ya sha ganin manyan mutane suna shiga suna fitowa sharkaf da zufa suna murmushi, wannan ya ce ciwon bayansa ya tafi, wancan ya ce ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Sai ya ce wa Yaya ga siracen masu kuɗi nan a wurin aikinsa, kuma bayan Azahar babu kowa, zai shigar da shi ta ƙofar baya. Don Allah ya yi. Wannan na sani, kuma har gobe zan faɗa.

Abin da ya faru a ciki daga bakin Mamman na ji shi. Yaya ya shiga da azumi a bakinsa, da zazzaɓi a jikinsa, ya kuma sha ƙwayarsa da sahur. Da ya ɗan jima ya ƙwanƙwasa gilashin ƙofar. Ƙofar ba ta da makulli, da ya tura da ta buɗe. Amma mai sirace ba ya fitowa sai mai riƙe bargo ya ce ya isa, Mamman kuwa ya ɗaga masa hannu ya ce ya daure, zufar yanzu ta fara. Akwai rubutun gargaɗi a jikin bango da Larabci da Turanci. Mamman ya shekara yana goge masa ƙura, bai taɓa sanin me ya ce ba. Daga nan aka kira shi ya goge ruwan da ya zube a bene na sama, aiki ya ja aiki, bai dawo ba sai da aka kira La'asar. Ya tarar da Yaya ya zame daga benci, kansa a jingine da katako, jikinsa babu ɗigon zufa.

Da a lokacin aka kira is'af, motar asibiti, wataƙila da ban rubuta wannan ba. Allah ne masani. Mamman ya ji tsoron a san ya shigar da baƙo, sai ya kira wani ɗan uwansu mai mota, suka naɗe Yaya da tawul, suka kashe sanyin motar, suka rufe gilasai don kada iska ta buge shi, suka kai shi ɗaki Ka'akiyya.

Ana gab da Magariba aka kira ni. Na bar guga a tsaye na hau mota. Da na yi sallama mazan suka matsa gefe suka ba ni hanya. Yana kwance cikin bargo biyu, an kashe na'urar sanyaya ɗaki, a zafin Makka. Wani dattijo a cikinsu yana zaune a kansa da dabino da kofin ruwa a hannu, yana jiran a kira salla ya ba shi, don kada a karya masa azumi ga shi ya kusa kaiwa. Yaya yana ta magana, yana tambaya ko an kawo siminti, yana kiran Inna. Na taɓa goshinsa, kamar na taɓa dutsen gugata. Gaskiya bargon bai ba ni mamaki ba a lokacin, ni ma abin da na sani ke nan. Sai da jikinsa ya fara fizga idonsa ya juye sannan na kira is'af.

Ma'aikatan suna shigowa suka yi jifa da barguna, suka yaga rigarsa, suka dinga kwara masa ruwan sanyi, suka cusa masa ƙanƙara a hammata da wuya. Dattijon nan ya miƙe yana cewa, "Ya Shaikh, haram, za ku kashe shi da sanyi! Yanzu ya fito daga sirace!" Babu wanda ya kula shi. Ni ina tsaye riƙe da iƙamar Yaya, katin zamansa, don ita suka fara tambaya.

Makon farko a ɗakin masu tsananin ciwo ya yi shi. Ba a barin kowa ya kwana, ana ba da ɗan lokaci da yamma ka shiga ka tsaya ka fito. Na ga yayana da bututu a baki, da wani a wuya, da robar fitsari. Abin da ya taru a jakar fitsarin da farko baƙi ne kamar shayin da ya kwana. Daga baya jakar ta zauna wayam. Ban yi kuka ba. Na jira kukan ya zo, bai zo ba, sai na koma lissafin motar da zan hau in isa aiki.

Likitan da ke duba shi ɗan Sudan ne, mai furfura a gemu, yana magana a hankali saboda Larabcina na ɗakin wanki ne. Ya ce zafi ya yi wa jikin Yaya yawa har naman jikinsa ya fara narkewa daga ciki, dattin ya gangara ya toshe ƙoda, ga shi dama babu ruwa a jikin. Ya lissafa mini da yatsunsa: zazzaɓi, azumi, ƙwayar da ke fitar da ruwa, daɗewa a ciki, sai kuma bargo. Da ya zo kan bargo sai ya tsaya ya sake tambayata, ya zaci bai fahimce ni ba.

Na ce, "Dakta, to me ya sa ake barin irin wannan ɗakin a gari?"

Ya ce, "Ya ukhti, ni ma ina shiga. Mai lafiya, wanda ya sha ruwa, ya zauna kaɗan ya fito ya huta, yana sake masa jiki, yana taimaka masa barci, wasu ma yana rage musu ciwon gaɓoɓi. Amma ba ya fitar da zazzaɓi. Zufa ruwa ce, ba cuta ba ce ke fita. Kuma duk wanda ya ji jiri a ciki, fitowa zai yi, ba daurewa ba."

Na tambaye shi ƙodar ta mutu ke nan. Ya girgiza kai ya ce, "Nayma." Wato barci take. Ya ce tana iya farkawa, tana iya ƙin farkawa, kafin nan za su riƙa wanke masa jini da na'ura. Wannan kalmar na riƙe. Ita na faɗa wa Anti Rabi, ita ta faɗa wa Inna, kafin mako ya zagayo duk danginmu a Kano sun iya Larabci na kalma ɗaya.

A mako na biyu ya farfaɗo, aka cire bututun baki. Maganarsa ta farko ruwa ya nema. Nas ta ce a'a. Tunda ba ya fitsari, duk abin da ya sha a jikinsa zai zauna, don haka 'yar ƙaramar gora ɗaya aka yanka masa daga safe zuwa safe, da ita zai sha magani, da ita zai jiƙa baki. Mutumin da ke shanye butar shayi shi kaɗai. Leɓensa ya tsage, harshensa ya yi fari. Ya kan kalli gorar a kan tebur kamar yaro da aka hana alewa, ya ce, "Dije, matso da ita kusa, kallo kawai zan yi."

Waya kuwa ba ta huta ba. Inna ta ce a ba shi zuma da habbatus sauda. Wani kawunmu ya ce akwai saiwar da ke buɗe mafitsara, zai ba alhazan Umra su taho da ita. Wata ƙanwar babanmu ta ce a daina wankin ƙodar nan, wanda aka fara wa ba ya dainawa. Kowa na ce masa to. Anti Rabi ita ba ta ba da shawara, tambaya ɗaya take da ita, safe da yamma.

"Dije, ya yi?"

"Bai yi ba tukuna, Anti."

"To. Allah ya sa ya yi."

Haka gidanmu gaba ɗaya ya koma zaman jiran fitsarin magidanci mai 'ya'ya. Da yana da lafiya da ya fi kowa dariyar wannan.

A mako na uku aka mayar da shi ɗakin jama'a, nan na san layi. Kowane wankin ƙoda sai ta'amin sun amince, amincewar kuma sai na sauka ƙasa na ja lamba na zauna, a ce ba ta iso ba, in hau sama, a ce in sake sauka. Akwai magungunan da suka ce ba sa cikin abin da suke biya, 'yan ɗakinsu da matan otal ɗinmu suka haɗa hannu aka saya. Allah ya saka musu. Shugabar ɗakin wankinmu ta mayar da ni aikin safe don in samu yamma, ba ta taɓa yi mini gori ba. Akwai wata nas 'yar Filifin da ke daskarar masa da ruwan gorarsa ya zama ƙanƙara, don ya daɗe yana tsotsa. Ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a. Mudir, wato manajan kamfaninsu, shi kuwa sau ɗaya ya zo, da kwalin lemo, ga mutumin da aka hana ruwa. Ya tsaya daga ƙofa ya ce salamat, wato sannu da jiki, ya tambayi likita yaushe zai koma aiki, ya tafi.

Masu dubiya sun zo, kuma a Makka ba a zuwa dubiya hannu biyu. Kowa da gorar Zamzam. Na yi bayani har na gaji. Wani ya ce mini, "Hajiya, Zamzam fa ba ruwa ba ne kamar sauran ruwa." Na ce na sani, likitan ma Musulmi ne, ya ce a shafa masa a kai da fuska, a ɗiga masa a cikin abin da aka yanka masa, albarkar ba ta buƙatar yawa. Suka ce to, suka tura gorunan ƙarƙashin gado.

Wata rana na iso da yamma na tarar gadonsa babu kowa. Maƙwabcin gadonsa, wani tsoho ɗan Yaman, ya nuna mini gora babba a ƙasa, ta kusa ƙarewa. Yaya ya miƙa hannu ya jawo ta bayan an gama zagayen safe. Kafin Azahar numfashi ya gagare shi, ruwan ya hau ƙirji, aka gudu da shi wanki. Da aka dawo da shi yana haki, na zauna a gefen gadonsa. Shi ya fara magana.

"Yi faɗan mana."

"Ba ni da shi, Yaya."

"Wallahi Dije ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba."

Na kwashe sauran gorunan na rabar a ƙofar asibiti. Ban ji haushinsa ba, ban ji tausayinsa ba, ban ji komai ba. A kwanakin nan haka nake, ina tafiya, ina guga, ina amsa waya, kamar wata ce ke yi ni ina kallonta.

Mamman kullum yana zuwa. An sallame shi daga nadin tun a makon farko, sai ya zama ba shi da wurin zuwa sai asibiti. Ba ya shiga. Ya kan zauna a kujerar baranda da carbi, in na fito ya miƙe.

"Hajiya, yaya jikinai?"

"Da sauƙi."

"Wallahi Hajiya taimako ni so in yi mishi. Da munka fiddo shi, ni da kaina ni rufe shi, don kar sanyi shi kama shi."

"Na sani, Malam Mamman."

Kullum sai ya faɗi wannan, kullum sai na ce na sani. Mutane sun so in yi fushi da shi, wasu har da cewa a kai ƙara. Na duba cikina ban sami fushin ba. Ranar da Yaya ya ji yana waje, ya ce in shigo da shi. Mamman ya tsaya a ƙarshen gado kansa a ƙasa. Yaya ya dube shi ya ce, "Mamman, siracen nan naka ya yi ƙarfi. Gaba ka rage wuta." Mamman ya durƙusa a wurin ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, har nas ta leƙo. Yaya ya ce masa, "Tashi don Allah, ni na kai kaina. Ƙofar ma a buɗe take."

Wajen mako na biyar na shigo na ga Yaya yana murmushi, yana nuna mini jakar da ido. Akwai abu a ciki, bai fi cikin kofin shayi ba, amma akwai. Likita ya ce alama ce mai kyau, kada dai mu yi gaggawa. Na kira Anti Rabi, kafin ta tambaya na ce, "Ya yi." Na ji guɗa a tsakar gidanmu daga nan Makka. Inna ta sa aka yi waina aka rabar sadaka. Yaya ya karɓi waya ya ce wa Anti Rabi ta fara gyara ɗaki, da ya samu ƙarfi zai nemi hutu ya zo ya ga yara, ya gaji da ganinsu a gilashin waya. Ranar na ci abinci na ji ɗanɗanonsa.

Bayan 'yan kwanaki aka sallame shi, zai riƙa zuwa wanki daga gida. Sun bar masa bututu a gefen wuya an rufe da filasta, suka ja kunne kada ruwa ya taɓa, kada datti ya taɓa. Ni a masaukin ma'aikata mata nake kwana, ba inda zan kai namiji, don haka ɗakinsu na Ka'akiyya ya koma, maza da yawa, banɗaki ɗaya, kayan aiki da ƙurar siminti a bakin ƙofa. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, sun ba shi katifar da ta fi kusa da sanyi, Mamman ne ke raka shi wanki ya dawo da shi. Fitsarin yana ƙaruwa kaɗan kaɗan. Har gardama ya fara yi da su a kan ƙwallo.

Sai wata safiya ya tashi da rawar sanyi, haƙoransa suna haɗuwa. Wannan karon babu wanda ya kawo bargo, nan take suka kira is'af. Likita ya ce ƙwayar cuta ta bi ta bututun ta shiga jini, jikin kuma bai gama murmurewa ba balle ya yi faɗa. Aka mayar da shi ɗakin farko, gadon ma kusa da na da. Jakar ta sake zama wayam. Anti Rabi ta daina tambayata ko ya yi, ta koma cewa, "Yana gane ki?" Ran farko ya gane ni. Bayan nan ban sani ba, idonsa a buɗe yake amma ba ni yake kallo ba.

Ya rasu ranar wata Laraba bayan Azahar. Ina wurin aiki ina ninke tawul aka kira ni. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na ƙarasa ninke wanda ke hannuna, na ɗora shi a kan 'yan uwansa, sannan na je na faɗa wa shugabarmu.

Duk wanda ya zo gaisuwa, da wanda ya kira daga gida, maganarsu ɗaya ce: ya dace. Ya rasu a Makka, za a sallace shi a Harami, mutane nawa ke roƙon wannan ba su samu ba. Na san gaskiya suke faɗa, ina kuma yi masa fatan abin da suke faɗa. Na dinga cewa Alhamdulillahi. Wata mata har ta ce in daina ɓata fuska, wannan abin murna ne. Ban san fuskata a ɓace take ba.

Ga abin da ya sa na rubuta. 'Yan uwanmu da yawa suna aiki a otal da nadi, suna ganin ɗakin nan, wasu ma suna shiga a ɓoye. Ba na cewa mugun abu ne, likitan da ya yi jinyar Yaya ma yana shiga. Amma ba sirace ba ne, kuma ba a shiga da zazzaɓi, ba a shiga da azumi, mai hawan jini ko ciwon zuciya ko mai shan magani ya fara tambayar likita, mai ciki ma haka. A sha ruwa kafin a shiga da bayan an fito. Kada a daɗe, kada a bar mutum shi kaɗai, kada kowa ya ce wa kowa daure. In mutum ya fito ya rikice, ko jikinsa ya yi zafi babu zufa, a cire masa kaya a zuba masa ruwan sanyi a kira is'af nan take, ko da za a kori wani daga aiki. Azumin nafila ana sake wani. Wanda ya karanta ya faɗa wa wanda bai iya karatu ba, ya kuma sa Yaya Sabi'u a addu'a. Allah ya ji ƙansa, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Da takardu suka kammala aka ce za a sallace shi bayan La'asar. Na sanar da gida. Anti Rabi ta ce za su kunna tashar nan da ke nuna Harami dare da rana, maƙwabta sun yi alkawarin tayar da janareta in babu wuta, ita da yara da Inna za su zauna su gani.

Na shiga Harami da wuri amma cika ta riga ni. Masu tsaro suka yi ta tura mu gaba, hawa bayan hawa, har na sami wuri a sashen mata a sama, bayan wani ginshiƙi. Aka yi La'asar. Aka yi sanarwar salla ga mamata, ba a faɗi sunan kowa ba, ba shi kaɗai ba ne ranar. Liman ya yi kabbara huɗu ya yi sallama, mutane suka fara neman takalmansu. Abin da na gani bayan abayar wata mata ne da ginshiƙin. Kafin in sauko ƙasa Mamman ya kira ya ce har sun sa shi a mota sun kama hanyar maƙabarta, mata kuwa ba sa zuwa.

Ina tsaye a farfajiya wayar Anti Rabi ta shigo. Muryarta a natse take.

"Dije, mun ji kabbarar, mun bi liman daga nan. To amma mutane kawai suka nuna, daga sama. Ba su nuna shi ba." Na ji ƙarar janareta a bayanta. "Ke da kike wurin, ta wane gefe aka ajiye shi? Yaran suna so in nuna musu."

Na waiwaya na kalli ƙofofin, jama'a suna ta fitowa. Na ce, "Ta hannun dama, Anti."

Na ji ta janye wayar daga bakinta tana kiran yaran. "Ku matso kusa. Nan wajen ne, ta dama. Nan Abbanku yake."

Ta manta ba ta kashe ba. Na tsaya da wayar a kunne ina jin su suna rige-rigen taɓa gilashin talabijin, har layin ya yanke da kansa.